Shafi na Tara

Ni ce mai buga takardun kotu.
Shekara goma sha bakwai ina zaune
ƙarƙashin fankar da ta gaji da juyi.
Alƙali ya faɗa, yatsuna su ɗauka.
Ban taɓa ɗaure kowa ba,
amma kowane ɗauri ta hannuna yake wucewa.

Ranar Laraba aka shigo da Barira,
ungozomar Kurna, takalminta ɗaya ya tsinke.
Tuhumar: ta fitar da cikin wata uku.
Lauyan gwamnati ya ce kisan kai,
ya sake cewa, ya kuma cewa,
kamar mai sallama a ƙofar kurma.

Ta ce: "Ƙarfe biyun dare aka buga mini ƙyaure.
Ruwan Agusta ya cinye titi,
babu adaidaita, babu wuta.
Jini ya jiƙa tabarma ya bi ƙasan gado.
Na buɗe idon Tabawa da fitilar waya,
fari fat kamar alli.
Rai biyu ne a gabana, ranka ya daɗe,
hannuna ɗaya kawai zai iya riƙewa."

Tabawa tana bencin baya,
ƙaramin 'ya'yanta huɗu yana tauna bakin mayafinta.
Ba wanda ya tambaye ta komai.

Mako shida alƙali yana juya littattafai,
na Larabci da na boko,
har furfura ta ƙaru a gemunsa.
Sannan ya faɗa, na buga.
A shafi na tara ya ce
larura tana da nata hukunci,
wanda ya ɗebo mai nutsewa daga kududdufi
ba a tambayarsa me ya sa rigarsa ta jiƙe.
An sallame ta.

Tawada ba ta bushe ba rediyo ya ɗauka.
Sojojin baka suka wasa harshe:
wannan ya ce kotu ta ɓalle ƙofar ɓarna,
wancan ya ce 'yanci ya yi sallama a Kano.
Zaɓe saura wata biyar.
Fasta ta rufe gadar sama,
ɗan takara yana rantsuwa zai sauya doka,
abokin karawarsa yana murmushi da haƙoran makka.
A teburin mai shayi na Fagge
an raba abota saboda Barira,
alhali ko fuskarta ba su sani ba.
Cikinsu babu wanda ya karanta shafi na tara.

An ɗauke alƙali zuwa kotun rikicin gonaki.
An rubuta wa Barira baƙar magana da gawayi a bango.
Har yau ana buga mata ƙofa da dare,
sai dai yanzu takan tsaya a zaure,
ta ƙirga numfashi uku
kafin ta zare sakata.
Waɗannan ukun nake tsoro.

Jiya na sayi ƙosai a Ƙofar Wambai.
Na gane bugun hannuna a jikin takardar,
har da harafin da injina yake cinye wa ƙafa.
Mai ya ratsa ta, ana hango tafina ta cikin kalmomin.
Na ɗaga kai zan biya,
mai suyar ta miƙo canji,
yaro yana tauna bakin mayafinta.