Turken Akuya

Mushe Harisu ya bar mana aiki a tablo:
r daidai yake da kosinus teta sau biyu.
Gobe, in ji shi, mu kawo shi cikin harshen iks da igirek.

Na dawo Birni, takarda a aljihu.
A tsakar gida akuyar Inna Tabawa na zagaya turke,
igiya kamu huɗu, ba ƙari.
Abu biyu ta sani: tsawon igiya
da inda ta juya wuya.
Kofatonta sun zana da'ira tun bara,
ba ta taɓa riƙe kompa ba.

Na tsuguna da gawayi.
Iks, r sau kosinus, takun gabas.
Igirek, r sau sinus, takun arewa.
Kosinus da sinus, in kowa ya ninka kansa
aka haɗa su, ɗaya ne cif,
kamar ƴan gida ɗaya gaban baƙo.

Amma nawa ya ƙi.
Kosinus na tsaye, ba r a gefensa,
har aka kira magariba.

Inna ta tsawata wa Zuwaira mai rabon tuwo:
"Abin da kika yi wa wannan, yi wa wancan!"
Na ninka da r hagu da dama.
Murabba'in iks da na igirek
suka tashi iks biyu daidai.

Da'ira ce.
Sai dai cibiyarta ta gusa taku ɗaya gabas.
Ni da na ɗauka a tsakiya nake,
ashe a bakin layi nake tsugune.

Akuya ta taka lissafin, ta wuce.