Katin Bayan Kwali

A Valparaíso, can saman tudu,
inda titi ke hawa yana haki,
Eleuterio ke riƙe da shagon faifan fim na ƙarshe.
Duk sabon da ya iso ranar Alhamis
da shi yake kwana,
da safe ya manna hukunci a bayan kwali:
"Ruwan saman nan daga famfo yake."
"Jarumar na kuka, idonta na kan agogo."

Amparo mai kifi ba ta taɓa yarda ba.
Takan shigo da ƙarni a tafin hannu,
ta juya katin, ta rubuta nata:
"Tsoho, ai barci ya sace ka tun minti na arba'in."

Shekara tara ana ja-in-ja,
shi tauraro biyu, ita biyar.

Bana aka fitar da wani
kan masuncin da bai dawo ba.
Ya kalla sau biyu. Katin na nan fari fat.
Ta zo, ta daɗe tana juya kwalin,
ta ajiye ba uffan.
Nata mijin ma teku ce ta ci.

Washegari ya rubuta:
"Wannan ba na haya ba ne."