Gangara Bashi Ce

Mun bar Aboabo tun mai koko ba ta hura wuta ba,
ni da Ɗantani, da kekuna biyu.
Nawa tsoho, sarƙarsa na tari irin na mai shi,
nasa sabo dal, tayarsa da kaushi kamar bayan kada.

Kwalta ta yi mana rakiya har Kuntanase.
Nan muka yi mata sallama, muka ratse
kan jar hanya,
inda tsakuwa ke ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinmu
kamar ƙasa na taunar aya.

Sai kurmi ya rufe mana sama.
Ganyen ayaba, jiƙe da raɓa, yana marin kafaɗa.
Koko biyu ne a ƙasar nan:
wanda ake sha da ƙosai,
da wannan da ke rataye a jikin itace, rawaya,
shiru, yana nuna ba tare da gaggawa ba.

Tudun farko ya tambaye ni shekaruna,
na rage masa goma.
Na biyu bai tambaya ba,
ya ƙirga da kansa a gwiwata.
Ɗantani can gaba, rigarsa na ɓuya tana ɓullowa,
yana kira, "Kawu, sauya giya!"
Wace giya, yaro?
Giyata guda ce, sunanta haƙuri.

A bayan wani rafi tayata ta saki numfashi,
fiii, kamar tsakin wanda aka ɓata wa rai.
Muka kifa keken, muka nemi hujin da yawu.
Wata tsohuwa ta iso da rogo a ka, adda a hannu,
ta tsaya tana kallon faci.
Maame Adutwumwaa, in ji ta, tana dafa ƙirji.
Ta ciro lemo biyu daga bakin zane,
ta yi magana da harshenta, na kama da rabin kunne:
ku bi a hankali,
tafkin bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Daga nan hanya ta sunkuya.

Ban taka ba, ban roƙa ba,
keke ya kwashe ni.
Iska ta cika riga, ido ya kawo ruwa,
birki na kuka, yatsu sun sage,
duwatsu na tsalle gefe kamar fara.
Na ji wata dariya ta fito daga bakina
wadda rabona da ita
tun ina satar keken babana a Asawase.

Kwana ɗaya, kwana biyu,
sai ga Bosomtwe kwance,
ƙwarya cike da ruwa an ajiye tsakanin tuddai,
ba wanda ya dawo ya ɗauka.
Masunta zaune kan falankin katako,
ba kwalekwale, ba filafili,
hannu kawai ke jan ruwa baya.

A Abono muka ci karfasa soyayya da dokunu,
yaji ya buɗe hanci.
Muka yi alwala a bakin ruwa,
ƙananan kifaye na leƙen yatsun ƙafa.
Azahar a inuwar kwakwa,
kekuna jingine da juna kamar su ma sun gaji.

Da na sallame na ɗaga kai,
na ga hanyar da ta kawo mu
tsaye a kan ƙafafunta, tana jira.
Ashe abin da na ɗauka kyauta ne
rubutawa ake yi.
Gangara bashi ce,
kuma mai bin bashin ba ya karɓar uzuri.

Rabi na hau, rabi na tura.
Ɗantani bai ce komai ba,
ya dai sauko shi ma, wai sarƙarsa ce ta zame.
Na san ƙarya yake. Allah ya yi masa albarka.

Da dare Lantana ta ga jan taɓo har gwiwa,
ta ce, "Me ka samo a can?"
Na laluba aljihu:
ɓawon lemo,
da tsakuwa guda da na ciro daga taya.