Ƙusoshin Munhava

A tashar Chimoio gari bai gama wayewa ba.
Tikiti na tafin hannuna,
gumi ya jiƙa shi har lambar kujera ta soma narkewa.
Casimiro direba na shurin taya,
yana kallon gabas kallon wanda ake bi bashi.

Rediyon mai kosan rogo ta ce Pungwe ya cika ya batse,
Buzi ya miƙe tsaye,
teku kuwa, da ba ta taɓa cewa na ƙoshi ba,
ta matso tana shinshina ƙofofin Praia Nova.
Motocin da ke fitowa daga Beira cike suke da katifu da awaki.
Masu shiga, mu bakwai ne.
Yanzu mun koma shida:
wata ta mayar da tikitinta, ta karɓi rabin kuɗi,
ta wuce ba ta kalli kowa ba.
Ban ga laifinta ba. Na bi bayanta da ido har kwana.

Jiya da dare Baba Zefanias ya ce mini a waya,
"Ermelinda, zauna inda kike.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Sau uku ruwa na shigo mini,
sau uku yana fita,
bai taɓa ɗaukar abin da ya wuce takalmi ba."
Ya yi dariya, dariyar ta juye tari,
tarin bai ƙare ba layi ya mutu.

To, ga Quitéria kuma,
shekararta shida, haƙoran gaba biyu sun zube.
Na bar ta wurin maƙwabciya da kwanon wake.
Ta riƙe bakin zanena ta ce,
"Mama, kin iya iyo?"
Na ce na iya.
Ƙaryar nan tana nan a maƙogwarona kamar ƙayar kifi.

In na je, baki ɗaya na ƙara wa garin da burodi ke ƙarewa.
In gada ta tafi a bayana,
wa zai yi wa yarinya kitso ranar Lahadi?
In na zauna,
zan kwana ina danna lambar da ba ta shiga,
ina jin ruwan da ba a kaina yake sauka ba.

Casimiro ya tofar da tsinke ya ce,
"Zan kai ku Tica.
In gada na nan, muna nan.
In babu, kowa ya san sunan Ubangijinsa."

Sai na tuna bangon Baba.
Agogo talatin da ɗaya, na mutane,
wasu masu su sun mutu ba su zo karɓa ba,
shi kuwa yana ba su wani kowace safiya.
Duk shekarar da ruwa ya zo
sai ya hau kujera ya cire ƙusoshi,
ya ƙara musu tsawon taki ɗaya,
har bangon ya zama ma'aunin ambaliya,
huda bisa huda.
A Kirsimetin da ya wuce na ga ya ɗaga ƙafa zai hau,
gwiwa ta ƙi.
Ya wayance, wai ƙura yake dubawa.

Ba zai faɗa ba.
Zai tsaya cikin ruwa har ƙugu
da agogon wani mamaci a bisa kansa.

Na tsallaka titi wurin mai kayan gini,
na sayi igiya gaba goma, kyandir, ƙusoshi cikin takarda.
Ya ce, "Rufi za ki gyara?"
Na ce bango.

Kujerata ta kusa da taga ce, gilashin ba ya rufuwa.
Ɗigon farko ya faɗo a kan gwiwata
tun ba mu fita tasha ba.