Ƙafa Takwas

A shagona na bakin Ƙofar Guga,
in janareton maƙwabci ya yi shiru,
nakan zube su a tafin hannu:
aisi uku, baƙaƙe kamar kaska,
kowace da ƙafa takwas.

Ta fari daga Legas, ta ci kuɗin tiya goma ta gero.
Ta biyu Sada ya ba ni, da rantsuwa.
Ta uku daga gawar rediyo na ciro ta,
dalma duk ta ɓata mata ƙafafu.

Da kaset ɗaya nake awo:
Inna tana daka, tana yi mini faɗa.
Na toshe kunnuwa da lasifika, na rufe ido,
Nafi'u na canja su, bai gaya mini wacce ba.

Wata ta wanke muryar fes, har ta zama baƙuwa.
Wata ta cika ta da gishiri.
Sai ga wata mai 'yar shashsheka,
taɓarya ta sauka inda take sauka,
tarin Inna ya dawo daidai.

Na ce, "Bar wannan."
Nafi'u ya yi dariya:
"Maigida, ta bola ce."
Na ce, "Kawo dalma."