Ƙirga Haƙora

Ubana dillali ne a kasuwar shanu.
Ba ya tsoma baki a ciniki
sai ya buɗe bakin bijimi ya ƙirga haƙora.
Ni na yi boko na zama lauya,
ga ni yau kwana goma sha ɗaya
a saman bene, bayan babbar kasuwar Maradi,
ina buɗe bakin kamfani.

Mutanen Legas za su saya.
Abin da suke kira inshora, mu nan asiransi:
ma'aikata ashirin da uku, kabad tara,
da fanka mai kuka kamar an yaye ɗan akuya.
Takardarsu ta zo da Ingilishi,
tamu ta tashi da Faransanci,
ni ke tsakiya, ina tauna duka biyun da Hausa
kafin in haɗiye.

Hatimi ɗaya na Yamai, ɗaya na Abuja,
kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sauka.
Farashin da aka yanke da azahar
kafin la'asar ya rame,
don naira da sefa ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Daren Talata, wuta ta ɗauke,
da fitilar waya na kai ga fayil na ɗari huɗu da tara.
Nomau, direban babbar mota.
Shekara bakwai yana biya, bai tsallake wata ba.
Motar ta kife da lodin wake kafin Ɗan Isa,
wake ya watsu, mutane suka tsince,
shi aka tsince shi daga baya.
A gefen takardar wani ya rubuta da jan biro:
a jira.

Na san wadda ke jiran.
Tsahara ce, mai zama kan benci a ƙasan matakala
kowace Litinin, rasiɗai cikin ledar burodi.
Sau biyu na wuce ta ina amsa waya.
Mantau akawu ya saba ce mata:
ki dawo in an gama sayarwa.

Na kira Barista Adebimpe.
Muryarta ta gaji, shafi ɗari shida ke gabanta
ga ɗa ba lafiya.
Ta ce: sa shi a rataye, cikin ƙananan basussuka,
bai kai ya motsa farashi ba.
Gaskiya ta faɗa. Bai kai ba.

Sai dai me ake saye in an sayi irin wannan gida?
Ba kujeru ba ne, ba fanka ba.
Alkawari ne aka tara a kabad,
kowane da sunan mai shi.
Tsohona kan ce, yana share hannu a riga:
wanda ya ja igiyar saniya
ya ja har da kaskarta.

Na rubuta sakin layi na goma sha huɗu,
na rubuta shi sau biyu, harshe biyu,
yadda ba wanda zai ce fassara ce ta cuce shi:
kuɗi ba za su ƙetare iyaka ba
sai an sallami fayil goma sha bakwai,
na Nomau a kan gaba.

Kwana uku waya ba ta yi ƙara ba.
Alhaji Sahabi, mai sayarwa, ya tare ni a ƙofar masallaci:
kai ɗan garin nan ne kuwa?
Na ce, shi ya sa, Alhaji.

Ran Alhamis aka sa hannu.
An sha lemo, an ɗauki hoto, ban fito da kyau ba.
Masu fenti sun hau tsani suna goge tsohon suna.

Litinin na sauko, tana nan kan benci.
Ba ta san da wani sakin layi ba,
ban kuma iya ce mata an gama ba, don ba a gama ba:
saura hatimin Yamai.
Ta ɗaga kai ta dubi sabon allon, ta dube ni:
Malam, su waɗannan ɗin
suna jin Hausa?