Kiran Suna

Ƙarfe uku na rana a Oulu, duhu ya riga ya sauka.
Na gangara ɗakin injina na laburaren unguwa
da kwali a kafaɗa, ƙanƙara na narkewa a wuyan rigata.
Kwamfuta ce a ciki, baƙa, ba ado,
ba ta san kowa ba tukuna,
ko sunan kanta.

Veikko na zaune kan bokitin da ya kife.
Shekara talatin da ɗaya yana kiwon ɗumin ginin nan
da tafin hannu da kunne.
Ya ce, "Outi, wannan ce magajiyata?"
Na ce, "Bari ta koyi gaisuwa tukun."

Wankin ciki na fara yi mata.
Na zubar da tarkacen da ta kwaso daga kanti,
manhajojin da ba wanda ya gayyata;
mai gadi ba ya zuwa aiki da 'yan rakiya.
Na daidaita mata agogo,
don shaidar da bai san lokaci ba
ko gaskiya ya faɗa, ba ta da amfani.
Na yanka mata adireshi guda, wanda ba ya ƙaura.
Na hana ta barci.
Akwai wurin da ake latsawa don haka,
sai da na ɗan ji nauyin latsa shi.
Ƙofofinta na bi na rufe, na bar biyu rak,
kalmar sirri cikin ambulan,
batir ƙarƙashin tebur saboda daren da wuta za ta ɗauke.

Sannan na soka shuɗiyar waya, na ce: kira su.

Suka soma amsawa.
Fankar hawa na biyu. Famfon tukunyar ruwan zafi.
Fitilun matakala, a jere kamar 'yan layi.
Ma'aunin zafi na ɗakin jaridu,
inda tsofaffi ke gyangyaɗi da hulunansu a cinya.
Takarda ta ce ɗari da arba'in da bakwai.
Allo ya ce da shida.

Na sake kira. Na sake.
Kofi ya huce a hannuna.
"Wace ce ta ƙi?" in ji Veikko.
Na ce tamanin da takwas.
Ya ce lamba ba ta taɓa yi masa magana ba, in nuna masa wuri.
Na ɗora yatsa kan taswira: kusurwar littattafan yara.
Dariya ta ƙwace masa. "Mai Tari ce!
Tun shekarar da bututu ya fashe aka kawo mata 'yar'uwa."

Muka hau, gwiwarsa na ƙara a kowane taki.
Bayan kanta, ga su nan su biyu, lamba ɗaya,
in an kira sai su amsa tare
murya ta cinye murya.
Da bakin biro na tura wani ɗan maɓalli
da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ƙasa, allo ya cika. Kore, kore, kore.

Saura gurbi guda a gefen kowace lamba,
fari fat, an rubuta: suna.
Littafin kamfani ya ce a sa harufa da alƙaluma.
Na jawo masa kujera.
Mai Tari. Raggo. Sarauniyar Safe.
Wadda Ke Tsoron Litinin.
Yana faɗa ina bugawa har ƙarfe tara,
wasu sai ya rufe ido kafin su zo masa.

Ran Juma'a zai miƙa makullai.
Da zai fita ya dafa bayan kwamfutar, ya jima.
"Da ɗuminta," ya ce.
A bakin ƙofa kuma, bai ko duba ba,
hannunsa ya kai kan babban bututu,
ya saurara,
ya waiwayo ya dubi allon
don ya ga ko ta faɗi daidai.